Guzurin Tsufa: A Wane Rumbu Nake Zuba Hatsina?

 

Ya 'yan'uwa masu karatun wannan fili, ni dai ba malami ba ne, ba kuwa masanin tattalin arziki ba. Ma'aikacin Gwamnatin Tarayya ne a nan Kaduna, mazaunin Unguwar Dosa, na kama aiki a shekarar 2000, kuma in Allah Ya kai rai zan ajiye shi a 2034, sa'ad da zan cika shekara 60. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani sakaci da na daɗe ina yi game da dukiyata ban sani ba, wanda kuma na tabbata da yawa daga cikin masu karatu suna cikinsa har yanzu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

A cikin shekarar 2024, ana dab da shiga watan Azumi, saƙo ya shigo mini ta waya daga kamfanin da ke kula da kuɗin fanshona. Suka yi mini murnar cika shekara 50, sa'an nan suka ce an mai da ajiyata daga Asusu na Biyu zuwa Asusu na Uku. Na karanta saƙon sau biyu ban fahimci komai ba. Ni dai ban roƙi a mai da ni ko'ina ba, hasali ma ban san ina cikin wani Asusu na Biyu ba balle a fitar da ni. Kusan shekara ashirin ke nan ana yankar wani abu daga albashina kowane wata, takardar bayani tana zuwa, ina duban adadin da ke ƙasa, in ga ya ƙaru, in ce alhamdu lillahi, in jefa ta cikin akwatin tebur. Ban taɓa tambayar kaina daga ina ƙarin nan yake zuwa ba.

Dalilin wannan sakaci kuwa yana da asali. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ɗan fansho ne na tsohon tsari, wanda gwamnati ke biya kai tsaye daga baitulmali. Na sha raka shi wurin tantancewa, in ga dattawa a layi tun da hantsi har la'asar, wasu da sanda, wasu an ɗauko su a mota ba su iya ko saukowa, sa'an nan a yi watanni ba a biya ba. Saboda haka da aka kafa dokar gyaran fansho a 2004, aka ce kowane ma'aikaci zai sami asusu da sunansa, kuɗinsa na hannun kamfani mai lasisi ƙarƙashin Hukumar Fansho ta Ƙasa, watau PenCom, sai na ji hankalina ya kwanta. A ganina muddin kuɗin na nan ba su ɓace ba, to magana ta ƙare. Ashe ba ta ƙare ba.

Zuwa da kai ya fi aike. Ran Litinin na nemi izini a wurin aiki na tafi ofishin kamfanin. Wani saurayi ma'aikacinsu, wanda bai wuce sa'ar ɗana na fari ba, ya zaunar da ni ya ce, "Baba, bari in zana maka a takarda." Ga taƙaitaccen abin da ya bayyana mini, wanda daga baya na bincika na tarar haka yake.

A dokar 2004, ma'aikaci yana ba da kashi 7.5 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara masa kashi 7.5. Da aka sabunta dokar a 2014, sai na ma'aikaci ya koma aƙalla kashi 8, na mai ba da aiki aƙalla kashi 10. Da farko duk ma'aikatan da ke bakin aiki a rumbu guda ake zuba musu, yaro da dattijo. A watan Yuli 2018 aka raba rumbunan. Asusu na Ɗaya shi ne na masu ƙarfin hali, domin a ƙa'idar wancan lokaci ana iya sa har kashi 75 cikin 100 na kuɗinsa a hannun jarin kamfanoni da makamantansu, abubuwan da darajarsu ke hawa tana sauka, kuma ba a sa kowa a ciki sai wanda bai kai shekara 50 ba, ya kuma nema da kansa. Asusu na Biyu iyakarsa a lokacin kashi 55 ce, nan ne ake zuba duk wanda bai kai 50 ba in bai ce komai ba. Asusu na Uku iyakarsa a lokacin kashi 20 ce, nan ake mai da wanda ya cika 50, sai dai in ya rubuta ya nemi a bar shi a na Biyu. Na Huɗu na waɗanda suka yi ritaya ne. Na Biyar na masu sana'ar kansu ne, an buɗe shi a 2019. Hukumar takan sake duban waɗannan adadi lokaci zuwa lokaci, amma tsarin rumbunan ke nan.

Na ce da shi, "To yaro, sauran kuɗin da ba a sa a hannun jari ba, ina suke tafiya?" Ya ce mafi yawansu rance ake ba Gwamnatin Tarayya ta hanyar takardun lamuni, tana biyan ruwa a kai, wasu kuma ana ajiye su a bankuna na ƙayyadadden lokaci, su ma da ruwa. Hannun jarin kuwa, ya ce akwai na kamfanonin siminti da abinci da sadarwa, akwai kuma na bankunan kuɗin ruwa da na kamfanonin giya. Kuɗin fanshon ƙasar nan baki ɗaya sun haura Naira tiriliyan 20 a 2024, fiye da rabinsu kuwa suna cikin takardun bashin gwamnati.

Wallahi jikina ya yi sanyi. Tun ina yaro mahaifina ke riƙe hannuna zuwa Masallacin Sultan Bello a Unguwar Sarki, inda marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya yi shekaru yana tafsiri kafin rasuwarsa a 1992. Ayoyin nan na ƙarshen Suratul Baƙara da suka yi magana kan riba, da irin gargaɗin da ke cikinsu, babu Musulmin garin nan da bai ji fassararsu ba. Ni da na ƙi karɓar rancen mota saboda ruwan da ke kansa, ni da na buɗe ajiya a bankin Jaiz tun shekarar 2012 da ya fara aiki a Abuja da Kaduna da Kano, ga shi mafi girman dukiyar da na mallaka tana ƙiba da abin da nake gudu. Mayar da ni Asusu na Uku kuwa, ma'anarsa an ƙara nutsa ni a ciki ke nan.

Da ya ga yadda fuskata ta sauya, sai saurayin ya ce, "Baba, ai akwai na Shida." Ya ce tun 2021 hukumar ta fitar da ƙa'idar asusun da ba ya hulɗa da kuɗin ruwa, wanda ake juya shi bisa tsarin Shari'a, kuma duk mai so, ma'aikaci ne ko ɗan ritaya, Musulmi ne ko ba Musulmi ba, yana iya rubutawa a mai da shi can. Na tambaye shi don me ba a gaya mini ba. Ya yi murmushi ya ce an aiko da saƙo. Na san gaskiya ya faɗa, domin na san akwatin teburina.

Ban sa hannu a ranar ba. Na karɓi fom na nufi Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi wurin yayana, wanda ke sayar da atamfa da shadda tun kafin in gama makarantar sakandare. Ba na yanke wata babbar shawara ban ji ta bakinsa ba. Da na kwashe labari na gaya masa, bai tsaya kan maganar kuɗin ruwa ba, da ya ji kalmar hannun jari sai ya ajiye almakashi. Ya ce, "Kai dai ba ka jin magana. Caca ce. Ka manta abin da ya same ni?"

Ban manta ba. A shekarun 2005 zuwa 2007, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna su kai jarinsu Naira biliyan 25, aka yi ta tallar hannun jari a rediyo da talabijin, har cikin rumfunan kasuwa dillalai ke bin mutane da fom. Yayana ya sayar da filinsa na Rigasa ya zuba kuɗin duka a banki guda, don wani abokinsa ya ce masa cikin wata shida za su ninka. A watan Maris 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Nijeriya ya haura 66,000, kafin shekara ta zagayo ya zube zuwa wajen 20,000. Takardar da aka ba shi tana nan a cikin jakarsa har yau, filin kuwa wani ya gina shi bene. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, don haka ban ga laifinsa ba.

Amma da na koma gida na yi ta juya maganar, sai na ga kurakurai uku ne suka taru a kan yayana, kuma babu ɗayansu da ya zama dole ga mai sayen hannun jari. Ya sayi rabo a sana'ar da asalinta kuɗin ruwa ne. Ya zuba duk abin da ya mallaka a wuri guda. Ya kuma shiga da niyyar ninkawa cikin wata shida. Manomin ƙasarmu bai taɓa yin haka ba. A gona guda za ka ga gero da dawa da wake, ga kuma 'yar fadama a gefe, domin in damina ta yi gardama wani ya ƙi, wani ya yi.

A nan ne na fahimci abin da ake kira asusun bin ma'auni, kuma ya kamata in bayyana shi don 'yan'uwana 'yan kasuwa. Uwargida takan san ko kasuwa ta yi tsada ta hanyar duban kayan cefane iri ɗaya kowane mako: mudun shinkafa, kwalbar manja, kashin tumatir. Haka ma'aunin kasuwar hannun jari yake. Jerin kamfanoni ne da ake haɗa farashinsu a fitar da lamba guda, in ta hau an san kasuwa ta hau, in ta sauka an san ta sauka. Namu na Nijeriya an fara shi a 1984 da lamba 100. Shi kuwa asusun bin ma'auni, maimakon a ba wani gwani kuɗi ya zaɓi kamfanin da yake tsammanin zai yi riba, sai a sayi ɗan rabo a kowane kamfani da ke cikin jerin gwargwadon girmansa. In ɗaya ya durƙushe, sauran su ɗauke shi, ladan masu kula da shi kuma ba shi da yawa, tun da ba wani zaɓe suke yi ba. Wani Ba'amurke mai suna John Bogle ne ya fara buɗe wa talakawa irin wannan asusu a 1976. A Amurka ma'aikaci da kansa yake rubuta kashi nawa na fanshonsa za a sa a wannan asusu, kashi nawa a wancan. Mu a nan rumbu kawai muke zaɓa, kamfanin fansho ya yi rabon a cikin iyakar da hukuma ta gindaya. Saboda haka zaɓen rumbun shi ne rabon namu, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ma'aunin da ya tattara kowa da kowa ya tattara har da abin da Musulmi ba zai ci ba. Wannan ya sa aka ƙirƙiro ma'auni tatacce. A Amurka kamfanin Dow Jones ya fitar da nasa na Musulunci a 1999. A nan gida, kasuwar hannun jari ta Nijeriya, wadda ta buɗe reshe a Kaduna tun 1978, ta haɗa kai da kamfanin Lotus Capital suka fitar da ma'aunin Musulunci a 2012, da kamfanoni 15, aka tsame bankunan kuɗin ruwa da kamfanonin giya da taba da caca da inshorar da ba ta Musulunci ba. A 2014 aka kafa asusun da ke bin wannan ma'auni, mai suna Lotus Halal Equity ETF, wanda ake saye ana sayarwa ta hannun dillalan kasuwar kamar sauran hannun jari.

Da na tattara wannan bayani sai na kai shi gaban malamin da nake ɗaukar karatun Risala a zaurensa a Kawo. Bayan an tashi daga karatu na matsa kusa na ce, "Allah gafarta Malam, ina da matsala." Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Amsarsa ta kasu uku, kuma zan kawo ta gwargwadon yadda na riƙe.

Na farko, ya ce ba da dukiya ga wani ya juya a raba riba abu ne sananne a fiƙihu, shi ne ƙiradi, Imamu Malik ya ware masa babi a cikin Muwaɗɗa. Sharaɗinsa dai shi ne mai dukiya ya yarda riba da hasara duka suna iya samunsa. Wanda ya sayi hannun jari a kamfanin siminti ya zama abokin tarayya a cikin injuna da buhuna da motoci, ya yi daidai da wanda ya haɗa jari da wani a rumfa. Caca kuwa ita ce a sa kuɗi a kan abin da babu wata sana'a a bayansa. Ya ƙara da cewa mutum yana iya mai da halal caca da niyyarsa, in ya zama ba abin da yake kallo sai hawa da saukar farashi safe da yamma.

Na biyu, ya ce kada in ɗauka kalmar tatacce tana nufin babu saɓani. Da wuya a sami babban kamfani a zamanin nan da ba ya karɓar rancen banki ko ajiye kuɗi inda ake ba shi ruwa, ko da sana'arsa halal ce. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya da ke Jidda, a zamanta na 1992, ta tafi a kan cewa asali shi ne haramcin shiga irin waɗannan kamfanoni. Wasu malaman kuma, kamar na hukumar AAOIFI da ke Bahrain, sun yi rangwame saboda buƙata, da sharaɗin bashin ruwan da ke kan kamfanin bai wuce kashi 30 cikin 100 na darajarsa ba, abin da yake samu ta hanyar da ba ta halatta ba kuma bai wuce kashi 5 ba, sa'an nan mai hannun jarin ya fitar da gwargwadon wannan ƙazanta daga ribarsa ya bayar. Ya ce wanda ya bi rangwamen yana da magabata, wanda ya ƙaurace kuma ya fi tsentseni, amma kowanne ya san abin da ya ɗauka.

Na uku shi ne ya fi taɓa ni. Na tambaye shi hukuncin shekarun da suka wuce. Ya ce abin da aka yanka daga albashina da abin da gwamnati ta ƙara mini haƙƙina ne. Game da ƙarin da ya hau kai kuwa, lokacin da doka ta tilasta kuma babu wata ƙofa, Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ba ya iyawa. Sa'an nan ya dube ni ya ce, "Amma ka ce tun 2021 aka buɗe ƙofa. Daga ranar zuwa yau, wa ya tilasta ka?" Na sunkuyar da kai. Ya ce in lissafa ƙarin waɗannan shekaru uku gwargwadon iyawata, in rubuta shi a cikin wasiyyata, ranar da kuɗin suka zo hannuna in fitar da shi ga wata maslahar jama'a, ba da niyyar neman ladan sadaka ba.

Kafin in tashi na ce masa to ko in nemi inda babu hasara ko kaɗan in huta. Ya yi dariya ya ce, "Ina ne wurin?" Ya tuna mini da umarnin Sayyidina Umar ga masu riƙon dukiyar marayu, cewa su yi kasuwanci da ita don kada zakka ta cinye ta. Ya ce in dukiyar maraya ma ba a yarda a binne ta ba, to tsoron hasara kaɗai ba shi ne tsoron Allah ba.

Gaskiyar wannan magana kowa ya gan ta a kasuwa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Kuɗin da ke kwance a irin wannan shekara, gara ce ke cinsu ko da adadinsu bai ragu ba. Ko sukuk, watau takardar da gwamnati ke sayarwa ta gina hanya da kuɗin ta riƙa biyan haya sau biyu a shekara, bai tsira daga wannan ba. Na farko da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017, na Naira biliyan 100, hayarsa kashi 16.47 ne, an kuma yi aikin hanyoyi 25 da shi, har da hanyar da ta kewaye Kaduna ta gabas. Amma wanda ya sayi na 2020, mai hayar kashi 11.2, ya ga yadda tsadar 2024 ta ninka hayarsa sau uku. Hannun jari kuwa yakan bi tsada ya hau, domin kamfanin da ke sayar da siminti ko sukari shi ma yana ƙara farashi. Sai dai yana da nasa ciwon. Ma'aunin nan da ya faɗi a 2008 bai sake taka inda ya kai ba sai a watan Agusta 2023, bayan shekara 15. Ɗan shekara 30 yana iya jiran shekara 15. Wanda ya rage masa shekara biyu ya ajiye aiki ba zai iya ba.

To, ga abin da na yi, ba don ya zama tilas ga kowa ba. Na koma kamfanin da tambayoyi uku a rubuce: kashi nawa na Asusu na Shida ke cikin sukuk, kashi nawa ke cikin hannun jari, kuma ko akwai saura a cikin abin da ba tatacce ba. Tambaya ta ukun tana da dalili, domin ƙa'idar da aka fara da ita a 2021 ta bar wa kamfanoni damar cike giɓi da kayan da aka saba in tatattun ba su wadata ba, kafin a janye su sannu a hankali. Da na ji amsar da ta gamsar da ni, na sa hannu aka mai da ni. Sauya asusu sau ɗaya a shekara kyauta ne. Da amsar ba ta gamsar da ni ba, tun watan Nuwamba 2020 ma'aikaci yana da ikon ɗauke asusunsa ya kai wani kamfanin sau ɗaya a shekara.

Sa'an nan na juya ga 'yar ajiyar da ke hannuna, wadda na tara ta adashi da ƙungiyar gama kai ta wurin aiki, domin ita ma guzurin tsufa ce, kuma ita ce nake da cikakken iko a kanta. Na kasa ta kashi goma. Huɗu na ware wa sukuk. Uku na sa a asusun bin ma'auni tatacce, ban wuce haka ba saboda kamfanonin cikinsa kaɗan ne, kuma shekara goma kacal ta rage mini. Biyu na ba ɗan yayana ƙiradi a rumfarsa, muka rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, ko da yake mahaifinsa ya ce rubutu tsakanin ɗa da uba abin kunya ne. Ɗaya na bari a banki don ciwo da sauran larurar yau da gobe. Na yi wa kaina alkawari ba zan duba farashi ba sai sau ɗaya a shekara, a watan da nake lissafin zakka, kuma duk shekara biyu zan rage na hannun jari in ƙara a sukuk, har ranar sallama. Na tuna da Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya umarci 'ya'yansa su shiga birni ta ƙofofi dabam-dabam, alhali ya san wannan ba zai kare su daga abin da Allah Ya hukunta ba. Ya yi dabara, ya kuma dogara ga Allah.

Ba zan ɓoye wa masu karatu ba, abin bai zo da sauƙi ba. Wani abokin aikina ya ce na cuci iyalina, domin a cewarsa akwai shekarun da sauran asusun za su fi na Shida riba. Mai yiwuwa ne haka ta faru, ban kuma shiga don an yi mini alkawarin ya fi riba ba. Uwargidana da ta ga adadin da na rubuta a wasiyya za a fitar, ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Malam, wannan ai ya isa kayan ɗakin yarinyar nan." Na ce haka ne. Ta ce, "To Allah Ya musanya mana da mafi alheri." Yayana kuwa har yau bai sauka daga ra'ayinsa ba. Duk ran da ya ji a rediyo kasuwar hannun jari ta faɗi, sai ya bugo mini waya ya ce yana yi mini jaje.

Kirana ga 'yan'uwana ma'aikata, na tarayya da na jiha da na kamfanoni, shi ne kowa ya buɗe akwatin teburinsa yau ya fito da takardar nan. Ka san lambar asusun da kake ciki. Ka san abin da ake saye da kuɗinka. Ka dubi shekarunka da nauyin da ke kanka, ka tambayi malamin da ka amince da iliminsa, sa'an nan ka zaɓa da saninka. Wanda ya yi shiru, an riga an zaɓa masa, kuma ranar da za a tambayi bawa ta ina ya sami dukiyarsa, ba kamfanin fansho za a tambaya ba. 'Yan'uwana 'yan kasuwa kuma, ku da ba ku da mai yankar muku albashi, ku tuna ƙarfin zaman rumfa yana da iyaka. Tun watan Maris 2019 aka buɗe wa masu sana'ar kansu ƙofar ajiyar fansho, sukuk kuma da Naira 10,000 aka riƙa shigarsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa barin magada da wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. Matambayi dai ba ya ɓata.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa nawa ne, ina roƙon malamai masu karatun wannan fili su gyara mini. Allah Ya azurta mu da halal, Ya sa mata albarka, Ya tsare mu daga haram komai yawanta. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa tsufanmu ya zo da rufin asiri, Ya sa mu cika da imani. Amin.